FILIN DIREBA DA MAKANIKE: Kafin Ka Ɗaura wa Motarka Zugazugi

 

A wannan wata mun sami wasiƙa daga wani matashi mazaunin Kwadaso. Ya ce yana da ƙaramar motar tsere ƙirar Mazda MX-5, ta hannu, wadda ya sayo daga Tema. Yayansa da ke Amurka ya aiko masa da na'urar ƙara ƙarfin inji, wato sufacaja, ya kai wa wani fita ya ɗaura masa. Mako biyu mota tana tashi kamar tsuntsu. Yanzu kuwa in ya taka totur a hawa sai ya ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ga kuma zafi. Yana tambaya ko a canja masa fuli a ƙara iskar.

Ƙanena, kafin komai, ajiye motar nan. Wannan ƙarar da kake ji inji ne ke kuka, in ka ci gaba da takawa fistan zai huje ko gaskit ya ƙone.

Bari mu faro daga tushe. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga yadda zugazugi ke hura gawayi har ƙarfe ya yi ja. To, aikin sufacaja ke nan. Bel ne ke juya ta daga karanshaf, ita kuma ta tura iska cikin inji da ƙarfi. Asalinta ma daga wajen narka ƙarfe ne: wasu 'yan'uwa biyu a jihar Indiyana ta Amurka, masu suna Roots, su suka yi rajistar irin wannan mahuri a 1860, ana hura tanderu da shi. Daga baya masu ƙera motoci suka ɗauka. Benz ɗin nan da kuke gani an rubuta Kompressor a bayansu, ita ce a ciki. Bambancinta da turbo shi ne, turbo hayaƙin salansa ke juya shi.

Nauyin iskar da muke shaƙa kusan psi 14.7 ne. In na'urar ta ƙara psi 7, ka cusa wa inji kusan rabin abin da ya saba shaƙa a kan nasa. Iska kuwa ba ta ci ita kaɗai. In ka ƙara wa jaki kaya ba ka ƙara masa harawa ba, a hanya zai kwanta. Fetur ɗin da ya ishi injin jiya ba zai ishe shi yau ba, kuma idan mai ya yi kaɗan wuta takan yi zafi fiye da kima, ta tashi kafin lokacinta. Ita ce tsakuwar da kake ji.

Kamfanonin mota sun san haka. Lokacin da Toyota suka sa wa MR2 sufacaja a 1986, sai da suka rage matsin injin daga 9.4 zuwa 8.0, suka canja fistan. Injinka kuwa ba a ƙera shi don wannan ba, ga shi ya sha tafiya kafin ya iso Gana. Sannan iska in an matse ta zafi take yi, mu kuma a Kumasi watan Fabrairu da Maris zafin rana yakan wuce digiri 30.

Ga abin da za ka sa a duba, bi da bi.

Na farko, a auna matsin kowace silinda. In wata ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin 100, a sauke na'urar a gyara inji tukuna. Wannan aikin tun kafin ɗaurawa ya kamata a yi shi.

Na biyu, mai. Daina shan fetur mai lamba 91, koma 95. A duba ko famfon mai da injekta za su iya ba da abin da ake bukata, in ba za su iya ba a sa manya. A kuma saita kwamfutar motar ta ƙara mai, ta ja lokacin wuta baya kaɗan. Wannan ba aikin kunne ba ne, sai mai na'urar auna hayaƙi. A sa filogi masu jure zafi.

Na uku, bel. In yana kuka, ko ka ga baƙar ƙura a kusa da fuli, to ko ya saki ko fulin bai daidaita da ɗan'uwansa ba. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kansu ka gani. Kada a ɗaure shi tamau, sai ya cinye boris.

Na huɗu, in mota tana tsaye inji na hawa da sauka, iska na shiga ta wata ɓaraka. A bi tiyo da kilif ɗaya bayan ɗaya.

Na biyar, sanyaya. A wanke lagireto, a tabbatar fanka na tashi, in da hali a sa abin sanyaya iska a gaba. Kada ka yarda a cire maka tamostat kamar yadda wasu suka saba, wannan ba magani ba ne. Da hunturu kuma a riƙa duba matacin iska, don ƙura na cin na'urar daga ciki.

Batun ƙaramin fuli kuwa, manta da shi. Ƙara iska a kan injin da ke kuka, zuba kananzir ne a gobara.

Magazin na Suwame cike yake da gwanaye, har daga Burkina Faso da Mali ake kawo musu aiki. Amma ba kowane gwanin Sprinter ne ya taɓa wannan aiki ba. Tambayi masta kai tsaye ko ya taɓa yi, ka ga motar da ya yi wa. Araha ba ta ado.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi duka nauyi. Ka ƙara gudu, ka ƙara birki? Ka duba tayoyi da kuloci? Ka sanar da kamfanin inshora? Dokar hanya ta 2012 ta ƙayyade kilomita 50 a awa cikin gari, 90 a babbar hanya. Daga Sofoline zuwa Abuakwa 'yan makaranta ne da masu talla da tirotiro masu tsayawa ba sanarwa. Inji in ya fashe ana samun wani a Magazin, rai kuwa ba a sayar da shi a can. Ka tuna da mahaifiyarka duk lokacin da ƙafarka ta yi nauyi.

Allah ya kiyaye hanya. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba dalilin da batir ke mutuwa da damina.