Alkawarin Shekara Goma Da Ya Koma Biyu

Masu karatu da yawa sun ji labarin Linux, watau tsarin nan mai tafiyar da kwamfuta, wanda Linus Torvalds ya soma cikin 1991 yana ɗalibi a ƙasar Finlan, ya bar wa kowa ya ɗauka kyauta ya gyara yadda ya so. To, wannan sakin mara shi ya jawo rarrabuwa, gama kowace ƙungiya ta ɗauki uwar tsarin ta haɗa da nata kaya, har ire-irensa suka kai ɗaruruwa. Manhajar da aka ƙunsa domin Debian ko Ubuntu ba ta shiga Fedora kai tsaye, don ƙunshin waɗancan deb ne, na wannan kuwa rpm. Aka ƙago Flatpak da Snap don magance haka, sai ga shi maganin ma ya rabu biyu.

Amma abin da ya fi damun mai riƙe da ofis shi ne tsawon rai. A duba abin da ya sami CentOS. Shi kwafi ne na kyauta na tsarin da kamfanin Red Hat ke sayarwa, jami'o'i da ma'aikatu masu yawa suka dogara gare shi. An fito da CentOS 8 cikin 2019, aka ce za a riƙa kula da shi har 2029. Kwatsam cikin Disamba 2020, watau shekara guda da 'yan watanni bayan IBM ta sayi Red Hat, sai aka ba da sanarwa cewa za a daina a ƙarshen 2021. Tsarin da aka daina toshe masa kafofi kuwa, ko yana aiki, ɓarayin intanet na iya shiga. Duk malamin da aka taɓa sake wa manhajar koyarwa ana tsakiyar shekara ya san irin wannan wahala.

Gaskiya ne Rocky Linux da AlmaLinux sun taso cikin 2021 sun maye gurbin, gama dokar tsarin ta yarda a kwafa. Wannan abin yabo ne. Sai dai ƙaura tana cin kuɗi da lokaci, wanda ya yi alkawarin kuwa ba shi ke biya ba.

A ganina, kafin hukuma ta zaɓa wa makarantu, a fara tambayar wa ke riƙe da tsarin, da me kuma yake ci. Debian tun 1993 take hannun 'yan sa kai, ba kamfanin da ya mallake ta. Ubuntu kuwa, kowace shekara biyu takan fitar da wanda ake kula da shi shekara 5 kyauta.