SHARHI: Hanyar Birnin Gwari ta buɗe, amma wa ke duba ƙarƙashin motocin da ke bin ta?

Tun daga ƙarshen watan Nuwamban 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi tubabbun 'yan bindiga, aka kuma sake buɗe kasuwar shanu da ta shafe shekaru a rufe, zirga-zirga ta fara farfaɗowa a yammacin Jihar Kaduna. Motocin masara da na dabbobi sun koma bin hanyar da ta taso daga Kaduna ta ratsa Buruku da Udawa, ta isa Birnin Gwari, ta zarce Tegina a Jihar Neja. Ga mutanen ƙauyuka irin su Gwaska, inda aka kashe sama da mutum 40 a hari guda a watan Mayun 2018, ganin mota ta shigo ta ɗauki amfanin gona ba ƙaramin abu ba ne.

Muhawarar da ta biyo baya duk a kan sulhun take: zai ɗore ko ba zai ɗore ba. Akwai kuma wata tambaya da ta shafi rayukan matafiya kai tsaye, wadda ba a cika yi ba: wane hali motocin da suka dawo kan hanyar suke ciki, musamman ɓangaren da ido ba ya gani, wato ƙarƙashinsu?

Tsatsa abu uku take buƙata: ƙarfe, ruwa da iska. Gishiri kuwa hanzarta ta yake yi. Saboda haka Arewa ta fi Legas da Fatakwal sa'a, domin babu iskar teku mai gishiri, kuma rani yana da tsawo. Shi ya sa direbobi da dama ke ɗaukar tsatsa a matsayin ciwon motocin Kudu. Lissafin nan ya bar abubuwa biyu a baya.

Na farko shi ne asalin motocin. Akasarin waɗanda ke jigila a Najeriya na hannu ne, waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Kwatano. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu kimanin miliyan 14, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari nasu Afirka suka nufa. A Kanada da arewacin Amurka da yawancin Turai, ana barbaɗa gishiri a kan tituna a lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara. Amurka kaɗai kan yi amfani da sama da tan miliyan 15 a shekara. Ruwan gishirin yana shiga cikin shasi da kwaroron ƙofofi, ya zauna. Motar da ta yi shekara goma a irin wannan titi tana isowa tashar jiragen ruwa da ciwonta a ciki.

Ba tsofaffin motoci kaɗai abin ya shafa ba. A 2016 kamfanin Toyota ya amince da sasancin da aka ƙiyasta zai iya kai dala biliyan 3.4 a Amurka, kan ƙorafin cewa shasin motoci kusan miliyan ɗaya da rabi, ƙirar Tacoma da Tundra da Sequoia, bai samu isasshiyar kariya daga tsatsa ba. A can an duba motocin, an canza wa wasu shasi. Mai saye a kasuwar motoci ta Kaduna ko Kano ba shi da irin wannan gata.

Na biyu shi ne aikin da motocin ke yi bayan sun iso. Ƙasar Birnin Gwari ƙasar noma ce, damina na kai wata biyar zuwa shida, kuma hanyoyin da ke shiga ƙauyuka galibi na ƙasa ne. Taɓo yana manne wa a saman sifirin da bayan tayoyi da gefen tankin mai, yana riƙe danshi makonni bayan ruwa ya ɗauke. Ga kuma lodin: takin zamani yana cin ƙarfe idan ya jiƙe, haka fitsari da kashin dabbobi da ke tsiyaya ta ƙasan bodi. Motar da ta kai taki ƙauye a Yuni, ta dawo da shanu ranar kasuwa, tana jiƙa kanta da abin da ke cinye ta.

Illar ta wuce munin gani. Bututun man birki na ƙarfe ne siriri, kuma ta ƙarƙashi yake bi. Idan tsatsa ta huda shi, direba zai taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse. Wurin da sifirin ke kama shasi na iya tsagewa ƙarƙashin lodin da ya wuce ƙima, wanda shi ne al'ada a wannan hanya. A cikin gari, lalacewar mota ɓata lokaci ne. A tsakiyar daji, a hanyar da ta yi suna da garkuwa da mutane, tsayawar dole da dare na iya zama sanadin asarar rai ko dukiyar dangi.

Maganin sananne ne, kuma bai kai kuɗin canza shasi ba. Akwai kariya iri biyu. Ɗaya mai kauri ce, ta roba ko ta kwalta, wadda ake feshawa ta bushe ta zama kamar fata, tana tare duwatsu da ruwa. Tana aiki ne kawai idan an wanke ƙarfen, an kankare tsatsar, an bar shi ya bushe sarai. Ɗayar mai laushi ce, ta kakin zuma ko ta maiƙo, wadda ke kutsawa cikin lunguna ta kori danshi. Ta fi dacewa da tsohuwar mota, amma sai an sabunta ta kusan kowace shekara. Lokacin da ya fi dacewa shi ne hunturu, sa'ad da iska ta bushe, kuma dole a bar ramukan tsiyayar ruwa a buɗe, a kuma kauce wa salansa da birki.

Abin da aka fi gani a wuraren wankin mota dabam ne: feshin baƙin mai da aka juye daga inji, wani lokaci a gauraye da gas. Yana ɗan korar ruwa, amma yana lalata robobi, yana tara ƙura, yana kuma tsiyaya cikin ƙasa da rafuka. Mafi muni shi ne baƙin fenti mai kauri da wasu dillalai ke shafawa a kan ƙarfen da ya riga ya ruɓe. Danshi ya maƙale a ciki, tsatsa ta ci gaba da aikinta a ɓoye, mai saye ya leƙa ya ga baƙi wuluk ya ɗauka lafiya. Abin da aka ƙirƙira don kariya ya koma kayan rufa-rufa.

A nan ne batun ya tashi daga garejin bakanike ya koma teburin hukuma. Manufar gwamnati kan motocin hannu ta fi karkata ga shekaru da haraji: an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, sannan a 2022 aka rage iyakar tsufa daga shekara 15 zuwa 12. Shekarar ƙira ba ta bayyana lafiyar ƙarfe. Motar shekara takwas daga Ontario na iya fin ta shekara goma sha biyar daga Dubai ruɓewa. Kuma tun bayan cire tallafin man fetur da sakin darajar naira a 2023, farashin mota ya yi tashin da ya tilasta wa direbobi riƙe tsofaffin da suke da su, da walda da faci.

A Birtaniya, gwajin shekara-shekara da ake yi wa motar da ta haura shekara uku ya haɗa da duba ƙarƙashinta, kuma ana kayar da ita idan tsatsa ta raunana ƙarfe kusa da inda birki ko sitiyari ko bel ɗin kujera ke kamawa. A Najeriya ma akwai takardar shaidar lafiyar mota, amma direbobi da yawa sun san ta ne a matsayin kuɗin da ake biya tare da sabunta lasisi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da hukumar KASTLEA ta Jihar Kaduna, sun fi fitowa a idon jama'a wajen duba takardu da taya da lodi.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar doka. Ramin duba mota a manyan tashoshin Kaduna da Birnin Gwari, da sharaɗin cewa motar haya ta hau shi kafin damina da bayanta, abu ne da ƙungiyar direbobi ta NURTW da ƙaramar hukuma za su iya tsarawa. Mai sayen mota kuma ya tafi da bakanikensa da guduma, ya ƙwanƙwasa shasi, ya yi tambaya idan ya ga sabon fenti a ƙarƙashin tsohuwar mota. Matasan da ke bibiyar alƙawuran gwamnati kan tsaro da gyaran hanyar suna da dalilin ƙara wannan a jerin tambayoyinsu, domin fasinjan da ya taso daga Gwaska zuwa Kaduna ba shi da hanyar sanin halin da bututun birkin motar da ya shiga yake ciki, sai in wani ya duba a madadinsa.