Masu Bin Wikki Zuwa Garin Wasu

Kowace ƙungiya a gasar Firimiyar Najeriya wasa 38 take bugawa a kaka, 19 a gida, 19 a waje. Idan Wikki Tourists ta Bauchi tana gida, kowa magoyi ne. Ka ci abincin rana, ka hau Keke Napep, ka sauka a ƙofar filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kafin magariba kana gidanka. Sauran wasanni 19 ɗin kuwa mutane ƙalilan ne ke ganinsu da ido, kuma a kansu nake son yin magana a wannan makon, domin su ne suka fi kowa ba wa ƙungiyar nan, su ne kuma ba a cika tunawa da su ba.

Ba masu kuɗi ba ne. Akwai tela, akwai mai facin taya, akwai yaron shago a kasuwar Muda Lawal da ya roƙi maigidansa hutun yini guda. Tun daren jajibiri ake karo-karon kuɗin mai. Da an sallame sallar asuba sai a haɗu wajen Wunti, a ɗaure ganguna a saman bas, a cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku. In Jos aka nufa, a bi ta Nabordo da Magama Gumau da Tilden Fulani. In Kano ce, a ratsa Kafin Madaki da Ningi, a tsaya Birnin Kudu a sha shayi da burodi, a wuce Wudil. Duk hanya lissafi ake yi: maki nawa ya rage, wa ke ƙasanmu a teburi, in aka samu canjaras yau ina za mu koma. Mai bin ƙungiyar da ke fama ba ya mafarkin kofi. Maki ɗaya yake roƙo.

Wikki ba ƙaramar ƙungiya ba ce. A 1998 ta doke Plateau United a bugun fenariti ta ɗauki Kofin Ƙalubale. A 2016, ƙarƙashin koci Abdu Maikaba, ta ƙare ta uku, Godwin Obaje ya fi kowa zura ƙwallo a gasar da guda 18, matsayi na ukun kuma ya kai ta gasar Confederation ta Afirka a 2017. Daga nan abubuwa suka yi ta ja da baya har ta faɗa rukuni na biyu a 2023, ba ta dawo ba sai a 2025. A shekarun da ta yi a ƙasa, lokacin da matasan gari suka koma gidajen kallo suna musu a kan Arsenal da Madrid, waɗannan mutanen ne suka ci gaba da shiga mota suna bin ta filayen da ko inuwar zama babu.

Abu biyu ke jiransu a kowace tafiya. Na farko hanya. A watan Fabrairun 2021 motar 'yan wasan Wikki ta kama da wuta a Hawan Kibo suna kan hanyar Uyo, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. A 2015 'yan fashi sun buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, 'yan wasa suka jikkata. Idan haka ta samu motar ƙungiya, ina ga tsohuwar bas ta haya da ke juyowa gida cikin dare don babu kuɗin masauki?

Na biyu shi ne filin kansa, kuma shi ya fi ci mini rai. A wani fili da ba zan ambaci sunansa ba, na ga dattijo ya tuɓe rigar Wikki a cikin mota, ya naɗe ta ya tura ƙarƙashin kujera kafin ya sauka. Da muka ci ƙwallo bai tashi ba, bai yi ihu ba. Hannun abokinsa kawai ya damƙe, ya sunkuyar da kai yana cewa, "Alhaji, yi shiru, mu fita lafiya tukuna." Mutum ya rufe shagonsa, ya biya kuɗin mota daga aljihunsa, sannan murnar da ya zo nema sai ya ɓoye ta.

Tushen wannan cuta shi ne aƙidar nan ta "gida ba a faɗuwa". Ita ke sa a yi wa alƙalin wasa barazana, a jefi bencin baƙi da ledar ruwa da duwatsu, a tare ƙofa bayan an tashi. Hukumar gasar tana cin tara, tana cire maki, tana kora ƙungiya zuwa wani gari, amma hukunci bayan an fasa wa mutum kai ba ya mayar da jinin da ya zuba. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, babu garin da zai ce hannunsa tsarkakakke ne, har da namu.

A wasu ƙasashen an daɗe da gane darajar magoyin da ke tafiya. A Ingila filayen manyan ƙungiyoyin ƙwallo suna ware wa baƙi ɓangarensu, kuma tun 2016 ƙungiyoyin Firimiya suka amince kada tikitin baƙo ya wuce fam 30. A garuruwan ma'aikata na arewacin ƙasar, irin su Wigan da Hull, inda wasan zari-ruga ya daɗe da kafuwa, ba abin mamaki ba ne ka ga magoya bayan ɓangarori biyu a tsaye wuri ɗaya, kowa da rigarsa. Ba kuɗi ne ya kawo haka ba, tarbiyya ce da tsari.

Abin da nake nema bai fi ƙarfinmu ba. A filin Tafawa Ɓalewa a ware wa baƙi wurin zama da ƙofar shiga, jami'an tsaro su raka motarsu har ta fita gari. Shugabannin magoya bayan Wikki su kira takwarorinsu na Kano ko Jos ko Katsina kafin ranar wasa, su tarbe su, su ba su ruwa, su nuna musu masallaci da wurin abinci. Hukumar ƙungiyar kuma ta yi wa masu tafiya rajista da kati, ta taimaka musu da mota mai lafiya, a tsara tafiyar yadda za a kwana a juyo da rana.

Na san wani zai ce, "Su fara mana, ai mu ma sun yi mana." Da wannan maganar aka shekara da shekaru ana ramuwa, kowa yana jiran ɗan'uwansa. Abin da ka shuka shi za ka girba: jifan da aka yi wa baƙo a Bauchi ranar Lahadi, telan nan da yaron shagon nan ne za su biya shi a garin wasu mako mai zuwa. Mu da muke alfahari da karɓar baƙi daga ko'ina zuwa Yankari, bai kamata motar magoya baya guda ɗaya ta gagare mu karramawa ba. Wasan gida na gaba, mu fara.