Zanen Duwatsun Birnin Kudu Ya Shiga Kwamfuta: Ina Malamanmu?

Duk malamin da ke koyad da tarihi a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram yana zaune ne kusa da wata taska wadda masana na ƙasashe masu nisa su ke marmarin gani. Watau zane-zanen nan da mutanen dā suka bari a jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, da kuma duwatsun da ke ba da amo kamar ƙararrawa in an buga su. Baturen nan Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, shi ya kai labarinsu gaban taron masana a Livingstone, cikin ƙasar da a ke kira Zambiya yanzu, a 1955. Yawancin zanen shanu ne, wasu masu dogayen ƙahoni, wasu gajeru, kuma ba su da tozo. To, bunaji da rahajin da Filani ke kiwo a dazukanmu yau duk da tozonsu. Ina waɗancan shanu suka tafi, kuma su wa suka yi kiwonsu? Wannan tambaya ita kaɗai ta isa darasin mako guda.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da ta auku a ajina, a kwalejin horon malamai. Na nuna wa ɗalibai hoton ɗaya daga cikin shanun nan a kwamfuta, na ce su faɗa mini ƙasar da a ke samunsa. Wani ya ce Masar, wani ya ce hamadar Sahara. A cikinsu har da wani saurayi mutumin Sundimina, wanda ya sha bi ta Birnin Kudu ran kasuwa, amma bai taɓa sanin akwai irin wannan a ƙasarsu ba. Ban ga laifinsa ba. Hoton kuwa daga Landan ya zo mini, don a 2013 ne babban gidan tarihi na Ingila ya fara zuba hotunan zanen duwatsun Afirka a intanet, kimanin 25,000, waɗanda wata ƙungiya mai suna TARA ta tara, na Birnin Kudu kuma suna ciki. Ashe yaro a Ingila ya fi yaron Sundimina kusa da Dutsen Mesa ke nan.

Ra'ayina shi ne, lalle a koya wa malaman tarihi aiki da na'urorin nan da hannunsu tun suna kwaleji, kada a bar su 'yan kallo. Ga misali. Ruwa da rana da hayaƙi sun cinye zanen da yawa, har ido ba ya iya raba jan fenti da launin dutse. A 2005 wani Ba'amurke, Jon Harman, ya fito da manhaja mai suna DStretch, bisa dabarar da aka fara yi don gyara hotunan da tauraron ɗan Adam ke ɗauka. Aikinta ta ɗauki launuka biyu da suka yi kusa da juna ta nisanta su, sai ka ga ƙafar saniya ko ƙaho ya fito sarai a inda dā ka ke ganin dutse ƙwal. Akwai irinta ta wayar hannu. Malamin da ya iya ta, ya nemi izinin ma'aikatan da ke tsaron wurin, zai iya kai aji guda su ɗauki hoto, su komo su gwada, ba tare da kowa ya taɓa zanen ko ya watsa masa ruwa ba, kamar yadda wasu masu yawon kallo kan yi don ya fito, suna ɓata shi ba su sani ba.

Amma fa na'ura ba ta san saniya ba. Yadda ta ke fito da fenti, haka ta ke fito da tsatsar dutse da zubar ruwan sama, mai gaggawa kuwa sai ya ga raƙumi inda babu raƙumi. Saboda haka wanda ya san yadda abin ke aiki shi ne zai san inda zai yi shakka. Wanda aka miƙo wa hoto gyararre daga waje ba shi da hanyar musu.

Akawuna, ku ma maganar ta shafe ku. Magabatanku na zamanin En'e sun bar littattafan haraji da na jangali, Di'o-Di'o kuma sun bar rahotannin gundumomi, da yawansu suna ajiye a ma'adanar takardun Gwamnati ta Kaduna. A cikinsu akwai sunayen ƙauyuka da na dagatai, da yawan masu biyan haraji, da ƙidayar shanu shekara bi shekara. Mutum ɗaya da fensir zai tsufa bai gama tattara na gunduma ɗaya ba. Amma in an kwafe su cikin kwamfuta, umarni ɗan gajere a harshen Python, wanda ya fito tun 1991 kuma kyauta a ke samunsa, zai jera maka ƙauyen da ya ƙaru da wanda ya watse, da shekarar da shanu suka ragu. Daga nan sai ka ɗauki shekarar ka je wurin dattawa ka tambaye su ko fari aka yi, ko annobar dabbobi, ko kuwa makiyaya ne suka tsallaka iyaka don gudun jangali. Lissafi ba zai faɗa maka wannan ba, su za su faɗa.

A nan ma akwai tarko wanda sai ɗan gida zai gane. Turawan dā sukan rubuta sunan gari ɗaya ta hanya biyu ko uku, kuma keken rubutunsu ba shi da ƙ da ɗ da ɓ. Kwamfuta kuwa a wurinta "kofa" da "ƙofa" kalmomi biyu ne da ba su haɗa komai ba. In ba Bahaushe ne ya rubuta mata umarnin haɗa su ba, sai ta mai da ƙauye ɗaya uku, lissafin duka ya rushe, a buga shi a littafi, 'ya'yanmu su haddace.

Na san abin da za a ce: babu lantarki, babu kuɗi, jadawalin karatu ya cika. Gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai ba ɗaki cike da na'urori na ke roƙo ba. Kwamfuta biyu da farantin hasken rana sun isa a fara, tun da yawancin ɗaliban da wayoyinsu a aljihu. Abin da na ke roƙon masu tsara karatun kwalejojin horon malamai shi ne sa'a biyu a mako, zango ɗaya, malamin tarihi da malamin kwamfuta su shiga aji tare. A ƙarshen zangon kowane ɗalibi ya kawo aiki ɗaya daga garinsu, ko hoton dutse, ko jerin dagatai, ko muryar tsohuwa da ya ɗauka da yardarta, a ajiye kwafi ɗaya a kwaleji, ɗaya a makarantar garin.