Kafin a Aza Harsashin Ɗakin Kimiyya, a San Inda Ruwa Zai Bi

Akwai wani ra'ayi da ya zauna daram a zukatan shugabannin jami'o'inmu da majalisun gudanarwarsu, har ya kai matsayin da ba a ko neman hujja a kansa, watau cewa ci gaban jami'a yana ga yawan sababbin gine-ginen da ta tsayar, musamman na kimiyya, kuma duk shugaban da wa'adinsa na shekara biyar ya cika bai bar wani bene da gwamna ko minista ya yanke ƙyalle a ƙofarsa ba, to, a ganin jama'a zaman banza ya yi. A kan wannan ma'auni ake yabo, a kansa ake zargi, da shi kuma ake tsara kasafi. Amma zancen magudanar ruwa da kwalbati da inda ruwan sama zai nufa idan ya sauko daga rufin wannan bene, an ɗauke shi ƙaramin al'amari ne na ma'aikatar ayyuka, wanda za a duba in kuɗi sun yi saura, alhali kowa ya san kuɗin gini ba su taɓa yin saura ba. Ni kuwa ina ganin wannan jeri a juye yake, kuma jami'ar da ta gina ɗakin gwaje-gwaje kafin ta san hanyar ruwanta ta yi almubazzaranci da dukiyar jama'a, ko da fentin ginin yana ɗaukar ido.

Bari mu fara da lissafi, domin shi ba ya son kai. Idan ruwan sama na milimita ɗaya ya sauka a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ke nan. To, ginin kimiyya mai rufin da ya kai murabba'in mita 2,000, wanda ba wani ƙato ba ne a cikin gine-ginen yanzu, in aka yi masa ruwan milimita 50 irin wanda Agusta kan kawo cikin sa'a guda ko biyu, zai zubar da lita 100,000, watau cikin tankar mai uku, ban da abin da zai gangaro daga wurin ajiye motoci da hanyoyin da aka shafe da kwalta da kankare. Kafin a yi ginin, lokacin da wurin yake fili mai ciyawa da jigawa, ƙasa ce take shanye mafi yawan wannan ruwa a hankali. Bayan an yi shi, kusan kashi tara cikin goma sai ya gudu a bisa, kuma a lokaci guda. Saboda haka kowane sabon bene, ban da ɗalibai da na'urorin da yake ƙarawa, yana ƙara wa harabar jami'a wata ƙoramar da ba ta cikin taswira, alhali lambatun da za ta faɗa a ciki an auna shi ne tun zamanin da gine-ginen ba su kai rabin na yau ba.

Ruwan ma da kansa ya sauya hali. A 2017 wasu masana, ƙarƙashin jagorancin Christopher Taylor, sun buga bincike a mujallar Nature, inda suka nuna daga hotunan tauraron ɗan'adam cewa manyan hadura masu tsananin ruwa a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Wanda duk ya auna faɗin kwalbati da ƙiyasin damunar da can, lalle ya auna wa wani zamani ne da ya shuɗe.

Masu wancan ra'ayi sukan ce, to, ai ambaliya ɓarna ce ga kowane gini, me ya sa za a keɓe na kimiyya? Dalilin shi ne, ajin karatu in ruwa ya shige shi, sai a jira ya janye, a share laka, a shanya benci, a ci gaba da darasi, amma ɗakin bincike abin da ke cikinsa ba ya shanyuwa. A watan Yuni na 2001 guguwar Allison ta tsaya a kan birnin Houston na jihar Texas a Amurka, ta zubar da ruwan da a wasu wurare ya haura milimita 900, sa'an nan ruwan ya bi hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da suka haɗa asibitoci da makarantun likitanci na babbar cibiyar lafiya ta birnin, ya cika ɗakunan ƙasa inda aka ajiye dabbobin gwaji da na'urorin rarraba lantarki. Dubun-dubatar ɓerayen bincike suka halaka, waɗansunsu irin da aka shafe shekaru ana haɗa zuriyarsu domin nazarin wata cuta guda, kuma da wuta ta ɗauke sai firizojin da ke riƙe da samfuran ciwon daji a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili suka narke, aikin malamai na shekara ashirin da ɗoriya ya tafi a dare ɗaya. Kuɗi suna iya sayen sabuwar na'ura, amma babu kasuwar da ake sayar da jinin majinyacin da aka ɗiba shekara goma sha biyar da suka wuce.

Kada kuma a ce jahilci ne ya jawo. Jami'ar Iowa tana da ɗaya daga cikin cibiyoyin nazarin gudanar ruwa mafiya suna a duniya, amma duk da haka a Yunin 2008 kogin Iowa ya cika ya shiga gine-ginenta fiye da ashirin, har da katafaren ɗakin bincikenta na fasahar zamani da mashahurin mai zanen gini Frank Gehry ya zana a bakin kogin, aka yi hasarar ɗaruruwan miliyoyin dala. Ilimin yana nan a cikin harabar, sai dai ba shi ya yanke hukuncin inda za a aza harsashi ba. Abin da ya kamata a lura da shi game da mutanen Houston kuwa shi ne sun ɗauki izina: sun ɗaga injinan wuta zuwa sama, sun sanya ƙofofin ƙarfe masu tare ruwa a hanyoyinsu na ƙasa, ta yadda da guguwar Harvey ta zo a 2017 da ruwan da ya fi na farko, mafi yawan asibitocin ba su daina aiki ba.

Mu ma ba sai mun ari labarin wasu ba. A damunar 2010 ruwan kogin Rima ya cinye hanya da gadar Kwalkwalawa da ke sada mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da birnin Sakkwato, aka koma ƙetarawa da kwale-kwale, karatu ya tsaya. A ranar 10 ga Satumba, 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, ruwa ya mamaye Maiduguri, ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya lalata na'urori masu tsada a ɗakunan gwaje-gwaje da sashen kula da masu ciwon daji, alhali irin wannan ambaliya ta taɓa auka wa birnin a 1994. Na san abin da za a amsa mini: ɓallewar madatsa ta fi ƙarfin lambatu, kuma ƙaddara ce. Na yarda babu kwalbatin da zai haɗiye Alau. Amma a wane hawa za a girke na'urar da ta ci biliyoyi, da tsayin dandamalin da za a ɗora taransifoma da janareto, da ko jami'a za ta dogara ga hanya ɗaya tak da ta ratsa fadama, waɗannan duka zaɓin mutane ne da aka yi a kan tebur, kuma malamanmu ba su taɓa karantar da cewa imani da ƙaddara yana ɗauke wa baligi wajibcin riƙon sababi ba.

A usulul fiƙihu akwai ƙa'idar cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, to, shi ma ya zama wajibi. Matsayin hanyar ruwa ga ɗakin kimiyya shi ne matsayin alwala ga salla: ba ita ce abin nufi ba, ba kuma a yaba wa mutum a kanta, amma wanda ya tsallake ta don gaggawa bai samu abin da ya yi gaggawar dominsa ba. Matsalar dai ita ce alwala irin wannan ba ta da ranar buɗewa. Tun da aka kafa asusun TETFund a 2011, wanda harajinsa a kan ribar kamfanoni ya kai kashi 3 cikin ɗari a 2023, an cika jami'o'i da gine-gine masu ɗauke da tambarinsa, kuma ba na musun cewa da yawansu ana bukatarsu. Sai dai tambari yana zama a goshin bene, ba ya zama a cikin bututun da ke binne, kuma ba a taɓa jin an raɗa wa kwalbati sunan wani babban mutum ba. Idan aka tsananta bincike, wani kaso na ƙaunar da muke yi wa benaye ba ƙaunar ilimi ba ce, riya ce da ta yi rawani.

Wanda yake son ganin sakamakon, ya zaga bayan irin waɗannan gine-gine a tsakiyar Agusta, ya bar gabansu. Zai tarar da indararo yana kwarara kai tsaye a gindin bango har ya haƙa rami, da bakin kwalbati wanda yashi ya cike kashi biyu cikin ukunsa, ragowar kuma ledar ruwa da robar lemo suka toshe, da wani zane mai ruwan ƙasa a jikin fenti, kamu ɗaya ko biyu daga daɓe, wanda ke shaida inda ruwan bara ya tsaya. A ciki kuwa akwatin rarraba wuta yana nan ƙasa-ƙasa inda mai haɗa waya ya ga ya fi masa sauƙi, mai kula da ɗakin kuma ya ɗora firiza a kan bulo huɗu, wanda shi ne iyakar tadbirin da ke cikin ikonsa.

To, amma ko waɗanda suka yarda a kula da ruwa, akasarinsu suna da wani kuskure na biyu da ya fi na farko ɓuya, watau zaton cewa gwanintar injiniya ita ce ya miƙe lambatun siminti mai santsi wanda zai fitar da ruwa bayan katangar jami'a cikin gaggawa. Bayan katangar nan akwai mutane. Akwai unguwannin da masinjoji da direbobi da ɗaliban da ba su sami ɗaki ba suke haya, akwai kuma ƙauyukan da tun farko daga gonakinsu aka yanki filin jami'ar, kuma ruwan da a da yake isa gare su cikin yini guda yanzu yana isa cikin rabin sa'a, da ƙarfin da ke yanke kwari yana cin gindin gidan ƙasa. Malaman Malikiyya sun yi dogon bahasi a kan wannan tun da daɗewa. Wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, Ibn al-Rami, ya tara hukunce-hukuncen gini a littafi guda, ciki har da mas'alolin zubar da ruwan rufi a kan maƙwabci da sauya masa magudana. Abin da shari'a ba ta sake wa mai gida guda ba, ban ga ta inda yawan digiri zai halatta shi ga hukuma ba. Jami'ar ma ba ta tsira daga ruwan da ke gudu da ƙasa: malaman Jami'ar Ahmadu Bello da kansu sun daɗe suna rubutu a kan yadda yashi da laka ke cike madatsar Kubanni da harabar Samaru ke sha daga gare ta.

Hanyar da ta fi ita ce a riƙe ruwan a cikin haraba, a jinkirta shi, a bar ƙasa ta sha abin da za ta iya. Wannan ba baƙon tunani ba ne a ƙasar Hausa. Kududdufan birnin Kano, waɗanda asalinsu ramukan ɗibar ƙasar gini ne, su ne suke karɓar ruwan unguwanni shekara da shekaru, kuma tun da aka shiga cike su da shara ana yanka filaye a kansu, mazauna birni sun ga inda ruwan ya koma. Jami'a kuwa ta fi kowa fili. Tana iya sauke filin ƙwallonta ƙasa kaɗan ya zama matattarar ruwa na kwana ɗaya ko biyu, ta bar kwarurukanta da ciyawa da itatuwa maimakon siminti, ta tara ruwan rufin manyan gine-gine a tankunan ƙasa, ita da take sayen ruwa a tanka da bazara saboda rijiyoyin burtsatse sun ja baya. Masu tsoron sauro suna da hujja a kan ruwan da ya kwanta makonni, amma sauro yana bukatar kimanin mako guda ko fiye kafin ya tashi daga ƙwai zuwa mai cizo, kuma matattarar da aka auna ta tsotse cikin kwana biyu ba ta ba shi wannan dama. Lambatun simintin da ya toshe shi ne yake ba shi.

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa tana neman babbar taswirar haraba kafin ta amince da kafa jami'a, saboda haka takardar tana nan a wani kabad. Abin da nake nema ga majalisun gudanarwa shi ne kada su sa hannu a kan kwangilar wani ginin kimiyya sai an ajiye musu awon tudu da gangaren wurin, da lissafin ruwan da ginin zai ƙara, da bayanin inda zai kwana, kuma kuɗin wannan aiki su kasance cikin kuɗin ginin, a fara da shi kafin a zuba harsashi, domin abin da aka bar wa kashi na biyu na kwangila kowa ya san makomarsa. A hana ajiye firizojin samfura da injinan wuta da na'urori masu tsada a hawan da ruwa ya taɓa kaiwa ko yake iya kaiwa. A sa wa yashe magudanai layinsa a kasafi, da sunan ofishin da za a tuhuma in Mayu ta kama ba a yi ba. Awon kuwa ba sai an ɗauko ɗan kwangila daga Abuja ba: kusan kowace babbar jami'a tana da sashen injiniyan gine-gine da na nazarin ƙasa, cike da ɗaliban ajin ƙarshe da ke neman abin da za su yi bincike a kansa, kuma ma'aunin ruwan sama da sandar safiyo ba su kai kuɗin rumfunan da ake kafawa ranar buɗe gini ba.