Hoton ƙwaƙwalwar da ake yawo da shi a WhatsApp

1/ Jiya wani yayanmu ya turo hoton nan a gurup ɗin gida: ƙwaƙwalwa biyu, ɗaya da layuka shuɗɗa, ɗaya da masu ruwan lemo. Wai kimiyya ta gama magana, ƙanwarmu ta haƙura da karatun injiniya, kan mace ba na lissafi ba ne. Abin ya tsaya min a rai wallahi. Zare 🧵

2/ Hoton na gaske ne. Binciken Jami'ar Pennsylvania ne a Amurka, ya fito a mujallar PNAS a 2014. Mutum 949 aka duba, 'yan shekara 8 zuwa 22. Suka ce a maza haɗin jijiyoyi ya fi yawa a cikin kowane ɓari na ƙwaƙwalwa, a mata kuma tsakanin ɓarin dama da na hagu.

3/ To amma me na'urar ta gani? A cikin ƙwaƙwalwa akwai fararen jijiyoyi masu kai saƙo daga sashe zuwa sashe. Farinsu daga kitsen da ya lulluɓe su ne, kamar robar jikin wayar wuta.

4/ MRI ba ta ganin jijiya ɗaya ɗaya, sun yi siranta da yawa. Dabarar da ake kira DTI motsin ruwa take aunawa. Ruwa ya fi saurin bin tsawon jijiya a kan ya ƙetara ta, sai kwamfuta ta bi wannan sawu ta zana layi. Kalar ma mutum ne ya zaɓa. Inda jijiyoyi suka gitta juna kuwa, kwamfuta takan rikice ta zana hanyar da babu ita.

5/ Ga inda gizo ke saƙa. A matsakaici ƙwaƙwalwar namiji ta fi girma da kusan kashi 10 cikin 100, kuma babbar ƙwaƙwalwa, ko ta waye, ta fi yin haɗi a cikin ɓari ɗaya. Masana da dama sun soki binciken a kan bai cire tasirin girma ba. Girman kai kuma ba maki ba ne, in ba haka ba da giwa ce farfesa.

6/ Sannan matsakaicin ɗaruruwan mutane aka zana. Babu wanda ya saka ƙanwarmu a na'ura.

7/ Abin da ya fi burge ni: a 2009 masu bincike a Oxford sun koya wa mutane wasan cilla ƙwallaye sama suna cafewa. Bayan sati 6 kacal aka ga canji a fararen jijiyoyinsu. Kenan abin da kake yi kullum yana taɓa wayoyin. Yaron da aka bari yana kwance rediyo da yarinyar da aka ce ta je ta yi wanke-wanke, in ka ga bambanci a hoto, ta ina ka san na haihuwa ne?

8/ Ban raina DTI ba fa. Likitoci na amfani da ita kafin su cire ƙari a ƙwaƙwalwa, don su kauce wa hanyar motsi da ta magana. Wannan aiki ne babba.

9/ Na tura wa Yaya duk wannan a gurup, ya karanta, shiru har yanzu. Ita kuwa injiniyan lantarki ta cike a fom ɗin JAMB tun satin da ya wuce.