Wa Ya San Sunan Ɗan Sandan Da Ke Tsaye A Ƙofar Majami'a?

Maganar da na kawo a wannan fitowa na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba, domin a kan 'yan sanda take, kuma ba ƙararsu na kawo ba.

Ranar Kirsimetin da ta wuce an turo mana 'yan sanda biyu, suka tsaya a ƙofar majami'a tun kafin a kaɗa ƙararrawa har aka tashi sujada. Mata suka kai musu shinkafa da ruwa, ma'aji ya damƙa musu ɗan kuɗin mai. Da yamma muna zaune da dattawa sai na tambaya ko akwai wanda ya san sunan ko da ɗaya daga cikinsu. Aka yi shiru. Ni ma da na yi tambayar ban sani ba. Mutum ya yi kusan awa biyar a rana yana tsaye tsakaninmu da duk abin da zai iya ɓullowa daga titi, mu muna ciki muna waƙa, amma da wani abu ya same shi a ranar, ko gidan da za mu je gaisuwa ba mu sani ba.

Kada wani ya ce ai ba abin da zai faru. Ranar Lahadi 27 ga Yuli 2014 an jefa bam a cocin Katolika na St. Charles da ke Sabon Gari, Kano, daidai lokacin da ake tashi daga sujada. Mutum 5 suka mutu, ɗaya daga cikinsu sojan da aka ajiye yana gadin wurin ne. A wannan rana dai, a wajen Ƙofar Nassarawa, 'yan sanda suka tare wata yarinya da ke ɗauke da bam a jikinta, ta tayar da shi, 5 daga cikinsu suka jikkata. Da ba su tare ta ba, da cikin jama'a za ta shiga. Kafin wannan, ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012, 'yan Boko Haram suka auka wa birnin Kano da yamma, suka kai hari hedikwatar shiyya ta ɗaya da ke kan titin BUK, da yankin hedikwatar Bompai, da wasu caji ofis, da ofishin fasfo. Kwamishinan 'yan sanda na lokacin, Ibrahim Idris, ya ba da lissafin mutum fiye da 180 da suka mutu, 29 daga cikinsu 'yan sanda. A watan Afrilun 2007 kuwa, a Panshekara, 'yan bindiga sun kashe 'yan sanda fiye da 10 a ofishinsu, har da matar ɗaya daga cikinsu. Da yawa cikinmu muna tuna inda muke a waɗannan ranaku. Amma nawa ne cikinmu za su iya kawo sunan ɗan sanda guda da ya faɗi a cikinsu?

Na san amsar da ke zuciyar mai karatu, domin tana cikin tawa zuciyar ma. Duk wanda ya taɓa ɗauko buhun masara a kan babur daga Kiru ko Bebeji ya san abin da ake tambayarsa a shinge. Duk wanda aka taɓa tsare ɗansa ya san cewa belin da aka rubuta a bango kyauta ne, ba kyauta ba ne. Ga kuma babban miki: ƙarshen watan Satumbar 2007 a Tudun Wada, lokacin da aka ƙone majami'u, aka kashe 'yan'uwa, iyalai suka gudu suka bar gidajensu da shagunansu. Har yau akwai dattawa a cikinmu da ke cewa da jami'an tsaro sun tsaya kamar yadda ya kamata, da ɓarnar ba ta kai haka ba. Ban zo in ce musu su manta ba, kuma ban isa ba. Mai wannan ciwo yana da ikon ya tambayi hukuma har gobe.

Sai dai akwai abin da na lura da shi, yana kuwa damuna. Idan labari ya zo cewa an harbe ɗan sanda a hanya, sai ka ji ana cewa ai aikinsa ne, don haka ake biyansa. Wani ma ya ƙara da cewa alhakin na goron da suke karɓa ne. Na ji wannan magana a bakin mai bi, a harabar majami'a, bayan sujada. 'Yan'uwa, naira ɗari biyu da aka karɓa a shinge laifi ne, amma hukuncinsa ba harsashi ba ne. Kuma wanda ke mutuwa a daji galibi ba shi ne ke zaune a ofis yana yanke shawarar inda za a tura mota da inda za a ƙi turawa ba. Kurtu ne, ko kofur, ko saje, ɗan talaka irinmu, wanda ya shiga aikin don gonar gidansu ba ta isa ta riƙe kowa ba.

Mu mutanen wannan yanki mun fi kowa sanin abin da ake nufi da hanyar Falgore. Daga Kwanar Ɗangora ka karya ka bi ta Tudun Wada, ka ratsa dajin, ka faɗa ƙasar Doguwa, sannan Saminaka har Jos. Ta nan 'ya'yanmu ke tafiya makaranta, ta nan ake kai marasa lafiya asibiti, ta nan fastoci da Zumuntar Mata ke zuwa taro. A shekarun 2015 da 2016, lokacin da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka yi sansani a dajin, direba ba ya yarda la'asar ta yi masa a wannan hanya. Daga baya gwamnatin jiha a zamanin Gwamna Ganduje ta haɗa kai da sojoji aka kafa wurin horo a cikin dajin. Mu idan mun iso bakin Falgore addu'a muke yi, direba ya taka mota mu wuce cikin minti kaɗan. Shi wanda aka ajiye a wurin, a nan yake kwana, a ƙarƙashin rumfar buhu, cikin sanyin hunturu da ruwan damina. Idan mugaye suka fito, shi suke fara nema, domin bindigarsa suke so.

Abin da ke biyo bayan harbin shi ne ya fi ba ni tausayi, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. A takarda, doka ta yi tanadi. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya yi masa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, ga kuma abin da ya tara a asusunsa na fansho, wanda ya kamata magada su karɓa. A 2019 an kafa asusun tallafa wa rundunar 'yan sanda, a 2020 aka yi sabuwar dokar 'yan sanda. Lokaci lokaci mukan gani a talabijin Sufeto Janar yana miƙa wa iyalai cek a Abuja. Amma ku saurara da kyau idan ana karanta bayanin, za ku ji wasu kuɗaɗen na shekarun baya ne. Tsakanin ranar jana'iza da ranar cek, yara na cin abinci, ana neman kuɗin makaranta, ɗakin bariki kuma na hukuma ne, wata rana za a buƙace shi. Waɗanda suka gama aiki lafiya ma, a watan Yulin 2025 sai da suka fita zanga-zanga a Abuja kan ƙanƙantar abin da suke karɓa. In mai rai da bakinsa yana wannan kuka, yaya gwauruwar da ba ta taɓa shiga ofis ba?

Na san wata 'yar'uwa da mijinta ya rasu a bakin aiki. Ta yi ta zirga-zirga da takardu a cikin leda fiye da shekara biyu. Ashe tun yana saurayi, ranar da ya cika takardar ɗaukar aiki, sunan wansa ya rubuta a gurbin magaji, bai kuma taɓa komawa ya canza ba bayan ya yi aure ya haifi 'ya'ya huɗu. Aurensu a majami'a aka ɗaura, amma takardar shaidar ta ɓace tun wata ƙaura. Aka ce ta kawo takardar mutuwa, ta kawo takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci, ta kawo hotuna, ta zo da wan mijin. Shi kuwa wan ya ga kuɗi na tafe, sai ya fara wata magana dabam. Ikilisiya ta yi mata baiko sau ɗaya a makon makoki, daga nan kowa ya kama gabansa. Ni ma ina cikin waɗanda suka kama gabansu, shi ya sa nake faɗa da kunya.

Wanda ya jikkata kuma, nasa ya fi ɓoyuwa. Wanda ya mutu akan ambace shi a rediyo ko sau ɗaya. Wanda harsashi ya farfasa wa ƙafa, ko ƙarar bam ta kashe wa kunne, yana nan kwance a ɗaki, matarsa na sayar da akuya don sayen magani, abokan aiki sun zo sau biyu an yi musu canjin wuri sun tafi. Akwai kuma wanda jikinsa lafiya lau amma ba ya iya barci tun ranar da abokinsa ya faɗi a gefensa. Sai mu ga ya kama sha, mu kira shi gaban dattawa don horo, ba wanda ya tambaye shi abin da ya gani.

Dattawa sun san cewa gardamar farko da aka rubuta a cikin ikilisiya, a Ayyukan Manzanni sura 6, a kan gwauraye ce da ake tsallakewa wajen rabo, kuma maganin da aka yi shi ne zaɓen mutane aka ɗora musu aikin. Ba a bar shi ga duk wanda ya tuna ba. Abin da nake roƙo ke nan. Kowace ikilisiya a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa tana da malamin makaranta ko tsohon ma'aikaci da ya san yadda ake bin fayil. A ɗora masa wannan aiki a gaban jama'a, a ware masa kuɗin mota, ya zama shi ne zai raka gwauruwa Bompai ko kotu, ya riƙe kwafin kowace takarda. Sakataren ikilisiya ya duba littafin aure da na baftisma, domin ranar da aka nemi shaida, wannan tsohon littafi da gara ke ci a kabad zai iya zama shi ne hujjar marayu. 'Ya'yanmu da ke cikin kaki kuwa, duk wanda ya zo hutu, fasto ya zaunar da shi ya tambaye shi kai tsaye: sunan wa ke gurbin magajinka? Ba fatan mutuwa ba ne. Wanda ya ji haushin tambayar yau, matarsa za ta gode.

Ga inda na san za a yi mini gardama. Wani zai ce, to wannan na namu ne, ina ruwanmu da wanda ba mai bi ba? Waɗanda suka tsaya mana a ƙofa ranar Kirsimeti, ɗaya daga cikinsu na gan shi da idona ya nemi buta ya koma gefe ya yi sallar azahar, ɗan'uwansa na riƙe da wurin. Bai tambayi addininmu ba kafin ya tsaya. Idan irin wannan mutum ya faɗi a yankinmu, ya kamata fasto da dattawa biyu su sa rigunansu su je caji ofis su yi wa DPO ta'aziyya, su nemi inda iyalinsa suke, Zumuntar Mata ta kai ko kwanon hatsi ne. Ba don a saye su ba, kuma ba zai hana mu kai ƙara gobe idan an zalunce mu ba. Hasali ma wanda ya zo maka gaisuwar mutuwa, in ya dawo da koke ka fi sauraronsa.

Tun daga 2024 gwamnatin tarayya ta ware 7 ga Afrilu a matsayin Ranar 'Yan Sanda ta Ƙasa, kamar yadda sojoji ke da 15 ga Janairu. A Abuja fareti ake yi. Mu ba mu da fareti, amma muna da Lahadin da ta fi kusa da ranar, muna da minti biyar na addu'o'in roƙo. Kafin ta zo, a aiki mutum ofishin 'yan sanda na ƙaramar hukuma ya roƙi sunayen waɗanda suka rasu ko suka jikkata a wannan yanki, a karanta su ɗaya bayan ɗaya. Mu a wurinmu mun riga mun yanke shawara a zaman dattawa na watan jiya cewa duk wanda aka turo gadi, mai tsaron ƙofa zai rubuta sunansa da garinsu a littafin baƙi kafin a kai masa abinci. Na Kirsimetin nan ma mun bi sawu. Ɗaya yana nan, ɗayan an mayar da shi wajen Doguwa, bakin daji.